LIKITA JOHN DALZIEL (1872-1948): MUTUMIN DA YA RUBUTA SUNAYEN ITATUWANMU

Kowace shekara a Idin Bayyanuwar Ubangiji mukan ji labarin masanan nan da suka zo daga gabas, suka durƙusa a gaban jariri Yesu, suka miƙa masa zinariya da lubban da mur. Zinariya dai kowa ya san ta, ko da a kunnen wata ya gan ta. Amma lubban da mur, yawancinmu mun ɗauka wasu abubuwa ne na ƙasashe masu nisa waɗanda ba su da dangantaka da mu. Alhali kuwa dukansu biyu ƙaro ne da ke fitowa daga jikin itace, kuma 'yan'uwan itatuwan nan suna nan a ƙasarmu. Ɗan'uwan itacen mur shi ne dashi, wanda ake yin shinge da shi. Ɗan'uwan itacen lubban kuwa shi ne hano, wanda wasu ke kira ararrabi, mai ɓawo kamar takarda, mai son wuraren duwatsu, wanda kakanninmu mata ke turara tufafi da ɗaki da ƙaronsa.

A littattafan masana na duniya duka, sunan hano shi ne Boswellia dalzielii. Kalmar farko sunan gidan itatuwan lubban ce. Ta biyu kuwa sunan mutum ce, wani likita da ya zauna a ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, ya bi manoma da maharba da makiyaya yana tambayarsu sunan kowane tsiro, yana rubutawa. Shi ba ɗan Katolika ba ne, ɗan Ikkilisiyar Presbyterian ne. Amma tun da yake daga 18 zuwa 25 ga Janairu Ikkilisiya takan yi addu'a domin haɗin kan Kirista, ya dace mu dubi rayuwar wani ɗan'uwa daga wata ɗarika, mu ɗauki abin da za mu ɗauka a cikinta.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi John McEwan Dalziel a shekarar 1872 a birnin Nagpur da ke tsakiyar ƙasar Indiya. Asalin gidansu mutanen Sikotilan ne, wato arewacin Birtaniya, kuma a can idan za a faɗi sunan nan, Diyel ake cewa, ko da yake rubutunsa ya sha bamban da haka. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya gama a 1895.

A wancan zamani ba a raba aikin likita da sanin tsirrai. Yawancin magunguna daga saiwa da sassaƙe da ganye ake samunsu. Kwinin da ake sha domin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka yake, kuma limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suna cikin waɗanda suka fara kai ɓawon nan Turai, har aka daɗe ana kiransa da sunansu. Lambun tsirrai na Edinbara kansa an kafa shi a 1670 domin shuka itatuwan magani, kuma ɗaliban likita sukan koyi sanin tsirrai a cikinsa. Har wa yau, a lokacin da Dalziel yake ɗalibi, shehun malamin ilmin magunguna na jami'ar shi ne Thomas Fraser, wanda ya yi suna wajen binciken dafin kibiya na Afirka, ya nuna cewa ƙwayar da maharba ke haɗa dafi da ita tana ɗauke da maganin ciwon zuciya idan an san gwargwado. Tsiron nan gida ɗaya yake da kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna dafa dafi da shi. Ashe tun yana aji, ilmin mutanenmu ya riga ya iske shi.

ƊAN MISHAN A ƘASAR SIN

Da ya gama karatu bai buɗe asibitin kuɗi a gida ba. Ya ba da kansa ga aikin mishan, aka aika shi kudancin ƙasar Sin, yankin Shantou a lardin Guwandon, inda ya yi aikin likita daga 1895 zuwa 1902. Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1900 aka yi tawayen da aka kashe dubban Kirista a ƙasar, baƙi da 'yan ƙasa, musamman a arewa. Da yawa daga cikin shahidai 120 na ƙasar Sin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga zuwa matsayin tsarkaka a ranar 1 ga Oktoba 2000, a wannan shekara suka ba da ransu.

A can ne ya fara al'adar da ta bi shi har ƙarshen ransa, wato tara tsirrai a lokacin hutunsa yana aikawa gida domin masana su bincika. Saboda haka sa'ad da ya shiga aikin likita na gwamnatin Afirka ta Yamma a 1905, ya zo da abu biyu da aikin mishan yakan koya wa mutum: koyon harshen mutanen da ake yi wa hidima, da haƙurin zama a saurare su.

ZUWANSA ƘASAR HAUSA

Ƙasar da ya tarar tana cikin sauyi mai girma. Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, hedikwatar mulkinsu kuwa tana Zungeru. A shekarar da ya iso ne Likita Walter Miller na mishan ɗin Anglikan ya zauna a cikin birnin Zariya. Bayan shekara biyu, a 1907, Fada-fada na ƙungiyar SMA suka kafa mishan a Shendam. Jirgin ƙasa bai kai Zariya da Kano ba sai 1911. Tafiya duka a kan doki ce, ko a ƙasa, ko cikin jirgin ruwa a kogin Kwara da Binuwai.

Takardun da ke manne da tsirran da ya tara suna nuna inda ƙafarsa ta taka: Lakwaja, Zungeru, Kwantagora, Sakkwato, Katagum, Yola, da Abinsi a bakin Binuwai, daga baya kuma Ikko da Akkara. Aikin tara tsiro aiki ne na natsuwa. Sai mutum ya sami reshe mai ganye da fure, in da hali da 'ya'ya, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne da katako, yana sauya takardun kullum don kada ya ruɓe, sa'an nan ya rubuta rana da wuri da irin ƙasar da abin ya tsiro a kai, da sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi, da amfanin da suke yi da shi. Wani itace yakan yi fure da rani sa'ad da ba shi da ganye ko ɗaya, kamar yadda hano ke yi, don haka sai an koma masa sau biyu ko uku kafin a haɗa shaidarsa. Daga nan kayan su kama hanyar teku zuwa babban lambun tsirrai na Kew kusa da Landan, inda ake gwada su da na sauran ƙasashe.

A 1910 mujallar Kew ta buga bayaninsa a kan tsirran Lardin Yola masu amfani. A wannan shekara ne wani matashin masani na Kew, John Hutchinson, ya tabbatar cewa hano nau'i ne da ba a taɓa rubuta shi a littafin masana ba, ya raɗa masa sunan likitan da ya aiko da shi. Duk da haka Dalziel bai bar aikinsa na asali ba. Ya yi bincike a kan wuraren da sauro ke haihuwa a Ikko, har cikin ramukan ƙaguwa da kogon itatuwa, aka buga a 1920, kuma akwai wani nau'in sauro da ke ɗauke da sunansa har yau.

YADDA ALLAH YA GINA ITACE

Domin mu gane darajar aikinsa, ya kamata mu san abin da masana ke nufi da tsirrai masu jijiya, gama su ne ya ba da ransa ga saninsu. Idan muka dubi gansakukar da ke rufe gindin katanga a watan Agusta, za mu ga ba ta taɓa tashi sama ko da tsawon ɗan yatsa. Dalili shi ne ba ta da hanyoyin da ke ɗaukar ruwa a cikin jikinta, sai dai ta jiƙa kamar tsumma, ta bushe kamar tsumma. Amma dawa da wake da rimi suna da jijiyoyi iri biyu. Na farko suna cikin katakon, su ne ke ɗauko ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa zuwa ganye. Babu famfo a gindin rimi. Ruwan da ke fita daga ƙananan ƙofofin ganye zuwa iska shi ne ke jawo na ƙasa, kamar igiya da ba ta tsinkewa, har ya kai ƙololuwa. Na biyu kuwa suna kwance a ƙarƙashin ɓawo, su ne ke rarraba abincin da ganye ya haɗa da hasken rana, su kai shi ga saiwa da fure da 'ya'ya.

A nan akwai darasi ga duk mai zuwa ɗiban sassaƙe. Wanda ya sassaƙe maɗaci ta gefe ɗaya, itacen zai iya warkewa. Amma wanda ya kewaye shi da sassaƙa ya yanke hanyar abinci gaba ɗaya; ganye zai ci gaba da zama kore na ɗan lokaci domin ruwa yana hawa, saiwa kuwa tana mutuwa da yunwa a ɓoye, wata rana sai a wayi gari itacen ya bushe a tsaye.

Tsirrai masu jijiya sun kasu kashi-kashi. Akwai waɗanda ba su fure, ba su 'ya'ya, irin masu ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a inuwar kurmi da jikin kwakwar manja, waɗanda ke yaɗuwa ta wani gari mai laushi da ke bayan ganyensu. Akwai masu ƙwaya amma ba fure, irin itacen da Turawa ke ƙawata gida da shi a Kirsimeti. Sa'an nan akwai masu fure, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. A 2016 masanan Kew sun ƙiyasta cewa tsirrai masu jijiya da aka sani sun kai nau'i 391,000, kuma 369,000 daga cikinsu masu fure ne. Manomi ma ya san babban rabon da ke tsakanin masu furen: gero da dawa da masara sukan tsiro da kunne ɗaya, jijiyoyin ganyensu a miƙe, haka ma albasa da giginya da dabino; wake da gyaɗa da kuɓewa kuwa sukan tsiro da kunne biyu, jijiyoyin ganyensu kamar raga.

Tun daga 1753, sa'ad da masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya buga babban littafinsa, kowane tsiro yana da suna biyu da Latin, harshen da Ikkilisiya ta daɗe tana addu'a da shi: sunan gida da sunan kansa. Gidaje masu kama da juna kuma a haɗa su cikin dangi ɗaya, kuma fure da 'ya'ya ake dubawa, gama ganye da tsawo sukan ruɗi mutum.

ƘARAMIN LITTAFI NA 1916

Matsalar da Dalziel ya tarar ita ce, ilmi biyu suna zaune kusa da juna ba su san juna ba. Masanin Kew yana da busasshen reshe da sunan Latin, bai san ana cinsa ko ana dafi da shi ba. Tsohuwa a Katagum ta san wane ganye ake ba mai jego, wane ne ke kashe akuya, amma iliminta ba ya wuce inda muryarta ta kai. Ga shi kuma tsiro ɗaya yakan sami suna uku tsakanin Sakkwato da Kano da Zazzau, suna ɗaya kuma yakan hau kan tsiro biyu.

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buga masa wani ɗan littafi a Landan mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wato ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Shafinsa bai wuce ɗari da 'yan kai ba. An jera sunayen Hausa bi da bi, kowanne da sunansa na Latin a gefe, da taƙaitaccen bayanin kamanninsa da amfaninsa. Abin lura shi ne, sunan Hausa ne ke gaba. Wanda ya ji kalma a bakin manomi zai iya buɗe littafin ya iske ta, daga nan ƙofar littattafan duniya ta buɗe masa.

Mai karanta irin wannan jeri zai ga cewa Bahaushe ma yana da tasa hanyar rarraba tsirrai. Idan ya ga na jeji mai kama da na gida sai ya ce na daji, ko na biri, ko namijin wane. Wani lokaci idonsa da na masana sukan dace: magarya da kurna gida ɗaya suke, haka ɓaure da durumi da ceɗiya da gamji. Wani lokaci kuwa kama ce kawai: gwandar daji ba 'yar'uwar gwandar gida ba ce, namijin kaɗe kuma, duk da ganyensa ya yi kama da na kaɗanya, danginsu daban. Su ma masana sun ɗauki wasu sunaye daga bakinmu. Doka, itacen da a dā ya rufe dazuzzukan ƙasar Zazzau, sunansa a duniya Isoberlinia doka. Iburu, ɗan'uwan acca, sunansa Digitaria iburua. Ciyawar gamba kuwa, har a Ostareliya da sunan nan na Hausa ake kiranta.

Ga mu Kirista akwai wani daɗi na musamman a cikin wannan ilmi, domin yana kawo Littafi Mai Tsarki ƙofar gidanmu. Itacen da Zakka ya hau a Yariko domin ya ga Yesu, masana sun ce Ficus sycomorus ne, wato ɓauren nan namu. Sunan kurna da Latin, Ziziphus spina-christi, ma'anarsa ƙayar Kristi, saboda daɗaɗɗen zancen da ke cewa da rassanta aka saƙa rawanin ƙaya. Yaron da ya tsinki kurna a hanyar makaranta, ƙayarta ta soke shi, ya riga ya fara fahimtar Jumma'a Mai Kyau.

Gaskiya ce a faɗa cewa Dalziel ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma gwamnatin nan tana son sanin itatuwanmu har da dalilin ciniki, domin ƙaro da man kaɗe da auduga da gyaɗa. Gaskiya ce kuma cewa sunansa kaɗai ke bangon littafin, alhali ilmin da ke ciki na manoma ne da maharba da Fulani makiyaya da masu magani da mata masu miya. Amma da bai ɗauki maganarsu da daraja ya rubuta ba, da yawancinta ta bi su kabari.

SHEKARUN KEW

A 1922 ya bar aikin gwamnati yana da shekara 50. Maimakon ya huta, sai ya koma Kew ya haɗa hannu da John Hutchinson, mutumin da ya raɗa wa hano suna. Hutchinson ya shiga Kew a 1904 a matsayin mai aikin lambu, ya yi ta koyo har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu rarraba tsirrai na zamaninsa. Ɗaya ya san busassun rassa na cikin akwati, ɗaya ya san itacen a tsaye a jeji. Tare suka rubuta Flora of West Tropical Africa, littafin da ya tattara tsirrai masu fure na Afirka ta Yamma tun daga Senegal har zuwa Nijeriya da yammacin Kamaru, tare da hanyar gane kowanne. Ya fito kashi huɗu, a 1927, 1928, 1931 da 1936. Shi ya sa har yau ɗalibi yakan ga sunayen mutanen nan biyu a ƙarshen sunan itatuwa da dama, kamar maje, wato Daniellia oliveri.

A 1937 Dalziel ya fitar da nasa babban aikin shi kaɗai, The Useful Plants of West Tropical Africa, mai shafi fiye da 600. A ciki ya bi tsirrai dangi-dangi, ya kawo sunayensu da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarbanci da sauran harsuna masu yawa, sa'an nan ya faɗi abin da ake yi da kowanne: abinci, magani, rini, jima, igiya, gini, dafi. An kira shi rataye ga littafin farko, amma shi ne ya fi shiga hannun malaman gona da na daji da masu binciken magani.

Ya rasu a Landan a watan Fabrairu 1948, yana da shekara 75. Ban da hano da sauran nau'o'in da ke ɗauke da sunansa, akwai wani gidan tsiro sukutum da aka kira Dalzielia domin tunawa da shi.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Aikin kirki yakan sami magada. Ronald Keay, wanda ya yi aikin gandun daji a Nijeriya, da Nigel Hepper sun sake gyara babban littafin tsakanin 1954 da 1972, ya ƙunshi nau'i wajen 7,000. Humphrey Burkill kuma ya faɗaɗa littafin tsirrai masu amfani ya zama juzu'i shida, daga 1985 zuwa 2004. A nan kusa da mu, a Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, wanda ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗaliban tsirrai da na haɗa magunguna sun daɗe suna buɗe littattafan nan.

Ilmi kuwa bai tsaya inda suka bar shi ba. Hutchinson ya ɗauka cewa masu kunne biyu sun rabu reshe biyu, na itatuwa da na ganyaye masu taushi. Daga shekarun 1990, da aka sami hanyar karanta ƙwayoyin gado da ke cikin kowane mai rai, sai aka ga ba haka ba ne, aka fitar da sabon tsari a 1998, ana kuma ta gyara shi. A zamanin Dalziel, kuka da rimi suna dangi ɗaya, goro yana wani, lalo yana wani, kuɓewa da yakuwa da rama da auduga suna nasu. Yanzu an gane dukansu dangi ɗaya ne. Uwayenmu da ke kaɗa miyar kuka yau, ta kuɓewa gobe, ta lalo jibi, sun daɗe da sanin yauƙin da ya haɗa su. Haka kuma ɗorawa da tsamiya da gawo da ƙirya da doka duk dangin wake da gyaɗa ne, kowannensu yana ɗauke da 'ya'yansa cikin kwanso. Da yawa a dangin nan suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma manomi ya san hatsi ya fi kyau a gindin gawo, itacen nan da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Sunayen Latin da yawa sun sauya. Gawo ya fita daga gidan Acacia ya zama Faidherbia albida, bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, kaɗanya ta zama Vitellaria paradoxa. Amma gawo yana nan gawo, kaɗanya tana nan kaɗanya. Sunan da kaka ta faɗa wa likita shekara ɗari da suka wuce ya fi na masana daɗewa, muddin akwai bakin da zai ci gaba da faɗinsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Littafin Farawa ya nuna mana cewa Allah ya sa mutum a gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta, ya kuma ba shi aikin raɗa wa halittu suna. Marigayi Paparoma Francis ya tuna mana da wannan amana a wasiƙarsa ta Laudato Si' a 2015. Mutum ba ya kiyaye abin da bai san sunansa ba. Wanda duk itace a wurinsa itace ne kawai, ba zai ji komai ba idan aka mai da shi gawayi.

Mu dubi unguwarmu. Daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, yara nawa ne za su iya nuna doka idan sun gan ta? Unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko a cikin birni, ko Ɗorayi da Giginyu a Kano, suna shaida cewa magabata da itatuwa suke gane wuri. Yau yaranmu da yawa ba su san wani itace ba sai mangwaro da dogon yaro, dukansu biyu kuwa baƙi ne daga Indiya, ƙasar da aka haifi Dalziel. Ikkilisiyarmu ta tara mutane daga harsuna masu yawa, kuma kowane dattijo da kowace tsohuwa da ke zama a bencin gaba ran Lahadi suna ɗauke da sunayen tsirrai da harshensu waɗanda watakila ba a taɓa rubutawa ba. Kowace jana'iza da muke yi, wani shafi ne ke rufewa.

Abin da likitan nan ya yi bai fi ƙarfinmu ba. Littafin rubutu ne da alƙalami da tawali'un yin tambaya. Matasa za su iya zama da kakanninsu a lokacin hutu su rubuta sunan itace da Hausa da harshen gida, da inda yake fitowa, da amfaninsa. Zumuntar Mata ta san ganyayen miya da na jego fiye da kowa. Malaman katikisma za su iya fita da yara harabar majami'a su nuna musu kurna da ɓaure sa'ad da ake koyar da labarinsu. Idan damina ta sauka kuma za a yi dashe, a sa ɗorawa da tsamiya da maɗaci da ɗinya tare da na baƙi, a kuma naɗa wanda zai ba su ruwa da rani. Sai dai a kula: rubuta amfanin tsiro ba izinin sha ba ne. Kwankwanin da ke da maganin zuciya shi ne kuma ke kashe namun daji, don haka marar lafiya ya nufi asibiti.

Dalziel ya zo ƙasar nan baƙo, ya sunkuya ya tambayi talakawa abin da suka sani, ya mayar musu da shi a rubuce. Mu da muke 'yan gida, masu tambayar ba su yi mana nisa ba, suna cikin gidajenmu. Idan muka ga hayaƙin turare yana tashi a gaban bagade ran Lahadi, mu tuna da hano a kan duwatsunmu, da tsofaffin da suka san shi, da likitan da ya rubuta sunansa.

Allah ya ba shi hutawa ta har abada, shi da dukan waɗanda suka koya masa. Ya kuma ba mu zuciyar kiyaye gonar da ya danƙa a hannunmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.